Olsar Yayata Ba Ta Yunwa Ba Ce

Shekara shida yayata tana fama da abin da muke kira olsa. Jakarta ba ta rabuwa da biskit da kwalbar farin maganin nan mai kauri. Ta bar yaji, ta bar tsami, azumi kuwa in ya gabato sai hankalin gida ya tashi. Duk wanda ya zo dubiya maganarsa ɗaya: "Yunwa ce, ki riƙa ci a kan lokaci." Ni ma na sha faɗa mata haka, Allah ya yafe mini.

Ranar da likita ya sa aka gwada bayan gidanta, sai ga ƙwayar cutar H. pylori.

Ruwan asid na ciki yana kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma ita wannan makira ce. Jikinta a murɗe yake, da shi take kutsawa cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon ciki, ta fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta dakushe kaifin asid ɗin da ke kewayenta, ta yi zamanta. Wasu nau'o'inta har allura suke yi wa ƙwayoyin halittar bangon, su ɗura musu guba mai suna CagA, ta ɓata musu siffa, ta kwance haɗin da ke tsakaninsu. Jiki ya turo dakarunsa, wurin ya kumbura, yauƙin ya zaizaye, asid ya tarar da tsoka a fili. Gyambo ke nan. Tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin masu jawo sankarar ciki.

Ba mu kaɗai muka yi gardama ba. Da wasu likitoci biyu, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano ta a Ostireliya, sauran likitoci ƙin yarda suka yi cewa tana kawo olsa, har sai da Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ita a 1984 ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka mayar da kemis asibiti. Omeprazole yana rage asid, zafi ya lafa, amma ƙwayar tana nan daram. Ga Flagyl da muke haɗiya kamar gyaɗa da zarar ciki ya murɗa, har ƙwayar ta fara yi masa taurin kai. Kada a manta ma, diclofenac da ibuprofen su ma suna kawo gyambo.

Yaya dai an haɗa mata mai rage asid da magungunan kashe ƙwayar cuta guda biyu, safe da yamma, kwana 14. A kwana na biyar ta ce bakinta ɗaci kamar ta tsotsi ƙarfe, za ta bari tunda ta ji sauƙi. Da ƙyar muka lallaɓa ta ta ƙarasa. Bayan wata guda aka sake gwaji, babu komai. A azumin da ya biyo baya, da ƙosai da yaji ta sha ruwa.