Yaran da aka goyo daga Gwoza sun girma a hannunmu

Jama'ar Gombe, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Yaran da aka shigo da su garin nan a 2014, wasu a goye wasu ana jan hannunsu, lokacin da Boko Haram ta kama Gwoza da Bama da Mubi, yau samari ne da 'yan mata. Suna nan Bolari da Pantami da Malam Inna, don yawancin iyayensu ba sansani suka zauna ba, cikinmu suka saje. Shi ya sa muka ɗauka komai ya wuce.

Ina fa! A waje ana ce wa yaro ɗan gudun hijira, a gida ana masa gorin ya zama Bahaushe ya manta yarensu. Ranar neman tallafin karatu a ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukuma, ta garin da ko hanyarsa bai sani ba.

Abin da ya fi sosa min rai, in ya buɗe baki ya ce yana cikin damuwa, amsar ɗaya ce: "Kai me ka gani? Mu da muka kwana a kan dutse fa?" Ban ga laifin iyayen ba, wallahi sun ga tashin hankali. Amma wanda ya tashi yana jin uwarsa na firgita cikin dare, yana kallon ubansa mai gona da shanu ya koma dako a kasuwa, shi ma ya kwashi nasa rabon. Sai ya haɗiye. Abin ya fito masa ta ciwon kai, rashin barci, saurin fushi, faɗuwa jarrabawa, wani har ya kai ga Tramol. Mu kuma mu ce taurin kai ne, ko iskokai.

Ba wanda ya hana addu'a da ruƙiyya. Sai dai damuwa in ta yi tsanani cuta ce, kuma tana jin magani. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe. A farkon 2023 Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958, amma har yau duk wanda aka gani a sashen likitocin ƙwaƙwalwar nan, mahaukaci muke kiransa. Wace uwa ce za ta kai budurwar 'yarta can a haka?

Malamanmu na boko da Islamiyya, ku kuka fi kowa ganinsu. Don Allah in ɗalibi ya sauya hali, a ja shi gefe a tambaye shi lafiya kafin a ɗauko bulala.