Sabbin gidaje na ta tashi, mai haya na ta ƙaura bayan gari

A duk birnin da ke bunƙasa za ka tarar da sabbin rukunin gidaje masu doguwar katanga da mai gadi, da yawansu a kulle. Ba nisa da su kuma ga tsohuwar unguwa inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki biyu, ana bin layin banɗaki tun da asuba. Hukumomi kan nuna na farkon su ce an samu ci gaba. Ni abin da nake dubawa shi ne ko malamin makaranta da direba da ma'aikaciyar jinya za su iya kama haya a wurin.

Masana kan ce bai kamata kuɗin gida ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu ba. Amma wannan lissafi yakan manta da kuɗin mota. Wanda tsadar haya ta kora zuwa bayan gari, yana hawa mota biyu kafin ya isa wurin aiki, ya fita yara na barci, ya dawo sun yi barci, bai samu sauƙin komai ba. Abin da ya rage a kuɗin haya ya ƙare a hanya.

Ƙasashe sun sha faɗawa wannan rami. A Meziko, bayan shekarar 2000, an zuba ƙananan gidaje birjik a nesa da birane, babu aikin yi kusa, babu isasshen sufuri, daga baya dubban masu su suka tattara kayansu suka bar su kango. A Angola, sabon garin Kilamba da ke wajen Luanda ya zauna kusan fayau saboda tsada, sai da gwamnati ta karya farashin a 2013 mutane suka fara tarewa.

Singapo ta bi wata hanya. Ta kafa hukumar gidaje a 1960, ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon karɓar fili a 1966, tana gina unguwa tare da makaranta da kasuwa da asibiti. Yau kusan kashi 80 cikin ɗari na mazaunanta suna cikin gidajen hukumar. Ba kowace gwamnati ke da irin wannan ƙarfi ba, na yarda, amma tushen maganar fili ne, kuma kowace gwamnati tana da iko a kan nata.

Don haka a shimfiɗa titi da bututun ruwa kafin a yanka filaye, a bar mutane su ɗora bene a unguwannin da ke kusa da wuraren aiki, a sauƙaƙa takardar mallaka. Wanda kuma ya sayi fili a tsakiyar gari ya kewaye shi shekara goma yana jiran ya yi tsada, a ɗora masa harajin da zai sa ya gina ko ya sayar.