Tambarin DNA bai raba gardamar doya ba tukuna

A 2003 wani masanin halittu ɗan ƙasar Kanada, Paul Hebert na Jami'ar Guelph, ya kawo shawarar a riƙa gane kowace halitta da ɗan guntun DNA ɗinta, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinta, maimakon dogaro da kamanni. Wannan dabara ake kira tambarin DNA. Ga dabbobi abin ya yi kyau. Tsirrai kuwa sun ba da wuya, sai a 2009 masana suka daddale a kan guntaye biyu, rbcL da matK.

Doya na cikin tsirran da suka fi buƙatar wannan dabara. Danginta, wato Dioscorea, sun kai kusan 600, kaɗan ne ake nomawa, sauran na daji ne. Ganyen tsiro guda kan sauya siffa daga gindi zuwa sama, namiji da mace a kan jikin tsiro daban suke, wasu irin ma ba sa yin fure sai an ci sa'a. Idan kuma aka yanka saiwar aka busar ko aka niƙa, ido ya gama aiki. Ga shi kuskure a nan ba wasa ba ne: akwai doyar daji mai guba, kuma Dioscorea bulbifera (D. bulbifera a taƙaice) da ake sawa a magungunan gargajiya na China an san tana iya taɓa hanta. A irin wannan wuri ina goyon bayan tambarin DNA ɗari bisa ɗari, domin ɗan busasshen ganye ya isa ya bambanta sakata da farar doya.

Inda nake da ja shi ne yadda ake zuzuta shi kamar ya warware asalin doya. Bai warware ba. Binciken da aka yi ya nuna matK ya fi rbcL iya tantance dangin doya, amma da aka zo kan farar doya, D. rotundata, da mai ruwan ɗorawa, D. cayenensis, da 'yan uwansu na daji, D. abyssinica da D. praehensilis, sai guntayen suka fito kusan iri ɗaya. Su kuwa waɗannan huɗun ne masu inganta iri suka fi damuwa da su, tunda Afirka ta Yamma ke noma sama da kashi 90 cikin ɗari na doyar duniya.

Dalilin a fili yake. Guntayen biyu daga sashen ganye mai sarrafa hasken rana ake ɗauko su, shi kuma galibi ta wajen uwa ake gadonsa. In tsiro ruwa biyu ne, ɓangaren uba ba zai bayyana ba. Shi ya sa sai da aka karanta DNA gaba ɗaya aka fara ganin haske: a 2019 wani bincike ya danganta farar doya ga D. praehensilis a yankin kogin Neja, a 2020 wani ya ce ai haɗin D. praehensilis da D. abyssinica ce. Masana da manyan na'urori ma ba su gama daidaitawa ba, balle ɗan guntu.

Tambarin DNA rariya ce mai manyan idanu, a yi amfani da ita a haka. Rumbunan adana iri, irin na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, za su iya kama samfurin da aka yi wa laƙabi bisa kuskure da ita cikin rahusa. Amma kuɗin bincike ya kamata ya fi karkata ga karanta DNA gaba ɗaya na dangin farar doya, da tattaro na daji tun kafin a sare dazukan da suke ciki.