Kiɗan Ailan ba gadon gida ba ne, shi ya sa bai mutu ba

A nan Ailan mutum zai wuni yana koyarwa a makaranta ko yana tuƙa bas, da daddare ya saɓa gogensa ya tafi zaman kiɗa, kuma babu mai kiransa maroƙi. Likita yana kiɗa, manomi yana yi, yarinya 'yar shekara 10 tana busa sarewar kwano a gefen tsoho mai furfura. Tun da na zauna a gundumar Clare, wannan ne ya fi tsaya mini a rai, don a ganina nan ne muka raba hanya da su.

Zaman nasu babu dandamali, babu liƙi. Ana zagaye tebur, wani ya tayar da kiɗa, wanda ya iya ya shiga, wanda bai iya ba ya ajiye kayansa a cinya ya kasa kunne. Yawancin kiɗan rawarsu gajere ne, gaɓa biyu, kowace a maimaita ta, a zagayo sau biyu ko uku sannan a zarce wani ba tare da an tsaya ba. Akwai ril mai gudu, akwai jig mai tsalle-tsalle, can wajen iyakar gundumomin Kerry da Cork kuma folka suka fi so. Idan kiɗa ya yi maka, kana iya tambayar sunansa. Sau da yawa mai shi zai ce ya manta sunan, amma a hannun wane ya ɗauka. Ka naɗa a waya, ka je gida ka yi ta bita, mako mai zuwa kai ma kana ciki. Ba mai cewa nasa ne.

Kada a ɗauka haka abin ya tashi. Yunwar da ta fara a 1845 ta kashe mutane ta kori wasu zuwa Amurka, makaɗa a cikinsu. A Chikago ne Francis O'Neill, ɗan Cork da ya zama shugaban 'yan sandan birnin, ya bi 'yan ƙasarsu yana tattara abin da ke kansu, har ya buga littafi mai kiɗa 1,850 a 1903. A nan Ailan kuwa dokar gidajen rawa ta 1935 ta gurgunta raye-rayen da ake yi a cikin gidaje. Sai a 1951 aka kafa ƙungiyar Comhaltas a garin Mullingar, ta buɗe azuzuwa da gasa. Tun 1973 kuma, duk watan Yuli ana mako guda na koyon kiɗa a Miltown Malbay don tunawa da mabushi Willie Clancy, garin ya cika maƙil da baƙi, har daga Japan.

To mu fa? Kiɗa a wurinmu sana'a ce, kuma galibi ta gado. Kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, taushi da kotso na fada, gangar noma ta manoma. Yaro yana tasowa a bayan ubansa ko ubangidansa, ya fara da ɗaukar kaya, ya yi amshi, sannan a ba shi gula. Wannan tsari ya fitar da gwanayen da ban ga kamarsu a nan ba, kuma kiɗanmu yana magana. A buga taken ɗan dambe yana can bayan gari, tsikar jikinsa ta tashi. Ril ba ya kiran sunan kowa.

Amma abin da aka ɗaure a gida ɗaya, ranar da 'ya'yan gidan suka kama wata sana'a ya tafi ke nan. Ɗan malam ko ɗan attajiri ya ce zai koyi kukuma don nishaɗi kawai, ai sai dangi sun taru a kansa. Goge ma tun tuni aka liƙa masa bori da gidan mata. Masu ba makaɗa doki da riga sun ragu, bikin aure kuma fiyano da lasifika sun cinye. Su nan da suka ga nasu zai ɓace, sai suka buɗe ƙofa ga kowa, mu kuwa ƙofar tana nan a rufe alhali masu gidan suna ta ƙarewa.

Ba komai nasu nake yabo ba. Yawancin zaman a mashaya ake yin sa, ni da kofin shayina a lungu, kuma wannan ba abin kwaikwayo ba ne gare mu. Kiɗan rawa ne amma a zaman da wuya ka ga mai rawa, shi ya sa wasu samari ke gudu da shi fiye da yadda ƙafa za ta iya bi. Faya-fayan da Michael Coleman, mai goge ɗan gundumar Sligo, ya naɗa a New York a shekarun 1920 sun yi daɗin da ya sa makaɗa da yawa suka bar salon yankinsu suka koma na Sligo. Rubutu ma ƙashi kawai yake kamawa, ko da alamomin kiɗa aka yi shi ko da haruffan ABC da suke tura wa juna a waya. Lanƙwasar hannu sai an zauna kusa da wanda ya iya.

Duk da haka, a Dublin suna da taskar adana kiɗan gargajiya tun 1987, kowa na iya shiga ya saurara kyauta. Malamanmu na jami'a sun yi ƙoƙari wajen rubuta baitukan waƙoƙin baka, amma hannun makaɗi ba a ba shi irin wannan kulawa ba. Mai waya a aljihu, idan akwai tsohon mai garaya ko gurmi a unguwarku, ku je da goronku ku naɗa shi tun yana da ƙarfi. Ku tambaye shi taken wa yake bugawa da wanda ya koya masa, kuma idan ƙaninku ya ce shi ma zai gwada, ku bar shi ya zauna.