Sun share mana aikin shekara biyu, ko sallama babu

Daren Talata bayan isha'i muna zaune a fada, shayi na biyu na kan wuta, ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, duba, wayam." Na ɗauka rezo ne ya sake yin halinsa. Na rufe na buɗe har sau uku. Babi 41 na labarin zane da muka fassara zuwa Hausa, aikin shekara biyu da ƴan watanni, an kwashe su tas daga dandalin da muke ɗorawa. Ba saƙo, ba gargaɗi, ko "ku yi haƙuri" babu.

Mu biyar ne, duk ƴan Maradi. Manga muke fassarawa, littattafan zanen nan na Japan da ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar karatun allo. Babu mai jin Japananci a cikinmu, daga Faransanci muke ɗaukowa. Wanda bai taɓa yi ba gani yake zama ne kawai a juya magana. Sai ka goge rubutun asali daga kowane kumfan magana, ka cike zanen da gogewar ta ɓata, sannan ka cusa Hausa a gurbin da aka auna wa wani harshe. Ga tsiyar haruffa: yawancin salon rubutun da ya dace da zane ba su da ƙ, ba su da ɗ, ba su da ɓ, balle ƴ. Wata ƙanwarmu ce ke bin shafi tana lanƙwasa wa kowane harafi ƙugiyarsa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Ko a 2023, da Najeriya ta yanke wa ƙasar nan wuta bayan juyin mulkin watan Yuli, wajen mai caji muke biya mu ci gaba. Forfe, wato kuɗin intanet, daga aljihunmu. Ko dala ba mu taɓa karɓa ba.

Kada wani ya taso yana koya mini doka, na sani. Labarin ba namu ba ne. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda Nijar ke ciki, ta ce izinin fassara na mai littafi ne, mu kuwa ba mu da shi. Amma wa ya taɓa tunawa da mu? Kamfanin Shueisha na Japan, mai buga manga, ya buɗe manhajarsa ta karatu Manga Plus a 2019, akwai Ingilishi, akwai Sifaniyanci, akwai Faransanci, Hausa ko alama. Ran da suka fitar da Hausa, wallahi ni zan fara ajiye aikin.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda masu dandalin da muke ɗorawa ke raba gardama. Wata shida da suka wuce, wasu suka kwashe shafukanmu, suka yanke shafin ƙarshe mai ɗauke da sunan ƙungiyarmu, suka manna nasu, suka ɗora a dandali ɗaya da mu. Muka kai ƙara. Kwana tara shiru, sannan amsa ta zo, irin wadda na'ura ke turo wa kowa: ku kawo hujja. Muka kai. Muka nuna ranakun da muka ɗora, muka zagaye ƙugiyoyin nan na hannu da jan layi, har wata ɗ da ta karkace a babi na 7 tana nan a shafin ɓarayin yadda take. Sai aka ce mana babu mai karanta harshenmu a cikin masu kula da dandalin, don haka mu sasanta tsakaninmu. Mu sasanta? Da ɓarawo? A babbar kasuwar Maradi, in biyu suka yi rikici kan buhun wake, ana samun dattijon da zai zaunar da su ya ji ta bakin kowa. Nan kuwa ko sunan Hausa babu a jerin harsunansu, ƙarƙashin "sauran" suke jefa mu. Amma masu karatun da muka ja musu daga Zinder, Tawa, Katsina da Kano, waɗannan sun iya ƙirga su sarai.

Da takardar ƙorafin masu haƙƙin littafin a kanmu ta iso wa dandalin kuwa, ba su yi kwana tara ba. Dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA ta ce dandali ya sauke abu da hanzari in yana son ya tsira daga ƙara, to sun sauke. Wai muna iya mayar da martani: in ba da cikakken sunana, adireshina da lambar wayata, in rantse cewa kuskure aka yi, in kuma amince kotun Amurka ta yi mini shari'a. Ni da kuɗin kabu-kabu ke yi mini wuya ƙarshen wata. Kuma ba zan rantse kan ƙarya ba, don ba kuskure ba ne.

Mako ɗaya kawai na so a ba mu, mu kwashe kayanmu. Sharhin masu karatu ya tafi, har da doguwar muhawarar da aka yi kan ko "jarumi" za mu ce ko "barde". Mafi ciwo, babi 12 na farko ba mu da su ko'ina, kwamfutar da suke ciki ta mutu da zafin bara, mu kuma muka yi sakaci, wannan laifinmu ne.

Ɓarayin sun riga sun kwashe nasu zuwa wani wuri, inda tallan caca ke faɗo maka kowane shafi biyu. Can kaɗai babin nan 12 suka rage. Jiya na sayi forfe na jaka ɗaya, ƙanena ya kwana yana sauke aikinmu daga hannunsu, shafi bayan shafi, da sunansu manne a kai.