Kaset ɗin da ya tara mini jama'a

Duk wanda ya san ni a Gusau ya san ba ni da wata sha'awa da ta wuce kayan sauti, kuma ya san uwargida ta daɗe da sallama wannan magana. Saboda haka ba sai na tsaya bayanin yadda na mallaki amfilifaya ɗan gwanjo da manyan sifiku biyu na katako ba, ko yadda na bi wani dillali har Kano a kan injin kaset ƙirar Japan da ya girmi ɗana na fari. Amfilifayan na kasuwar Amurka ne, wutar 120 yake ci alhali tamu 230 ce, don haka sai da na haɗa masa taransifoma mai rage wuta. Na jera komai a falo, na gayyaci 'yan majalisarmu ranar Asabar bayan la'asar, na bar wa ɗan yayata da ke karatu a wurina aikin goge kan injin da auduga da sifirit da gwada shi, ni kuma na tafi neman man janareta da balangu.

Kowa ya zo, har da Hedimasta, wanda ban gayyata ba.

Da hannuna na danna maɓallin. An ɗan yi shiru kafin kiɗa ya tashi, sai na yi wa jama'a bayanin cewa farkon zaren kowane kaset fanko ne, ba a ɗaukar komai a kansa. Daga nan kotso ya shigo, 'yan amshi suka karɓa, tagogin falo suka fara rawa, ni kuma na gyara tsayuwa a tsakanin sifikun na buɗe lacca.

Na ba su labarin inda kunnena ya samo tarbiyya. A gidanmu na Ƙauran Namoda mahaifina yana da rediyo National mai rigar fata, wadda ba a taɓa ta sai da izini, kuma ni ne aka ɗora wa aikin murɗa ta a gajeren zango da asuba da kuma bayan isha'i. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri tun 1957, da Muryar Jamus da Muryar Amurka da Rediyon Kaduna, kowace na san inda take ɓuya a tsakanin mita 19 da mita 49, kuma na san yadda ake riƙe eriya da yatsu biyu idan murya ta fara nutsewa cikin shuu. Yaron da ya tashi yana tsamo magana daga cikin wannan hayaniya, in ji ni, ba a yaudarar kunnensa. Na gaya musu yadda muke shanya batir a rana don ya ƙara kwana, da yadda muke mayar da kaset baya da biro don kada injin ya cinye wuta. Na gaya musu ranar da na ciro sifika daga matacciyar rikoda na kifa ta a bakin tulun mahaifiyata, ƙugi ya fito da ban taɓa jin irinsa ba, na kuma sha bulala. Har dalilin na bayyana musu: sifika tana tura iska gaba da baya a lokaci guda, idan babu akwati sai sautin baya ya zagayo ya kashe na gaba, tulun kuwa ya tsare na bayan.

Da a nan na tsaya, da na rabu da kowa lafiya. Amma sai na shiga yabon kaset. Na ce tun 1963 da kamfanin Philips ya fito da shi, zarensa na tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, kuma abin da aka ɗauka a kai shi kake ji. Waƙar waya kuwa an matse ta, an zubar da wani ɓangare na sautin don ta shiga memori. Na rufe ido, na ɗaga yatsa, na ce su saurari yadda fatar kotson nan take amsawa, su gaya mini wace waya ce za ta iya fitar da wannan. Na miƙa hannu na danna maɓallin Dolby mai rage shuu, na tambaya ko sun ji bambanci. Mutum biyu suka ce sun ji ƙwarai, ɗaya har da girgiza kai da faɗin ikon Allah.

Ina cikin rufe ido karo na biyu kiɗan ya yanke, sai ƙarar kiran waya ta fashe a cikin sifikun da ƙarfin da ya sa mai riƙe da farantin balangu ya zabura. Ɗan yayata, da ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu hannunsa cikin aljihu, ya ruɗe, maimakon ya kashe kiran sai ya amsa. Muryar yayata ta cika falon, tas, babu ko ɗigon shuu, ta yi sallama sannan ta ce, "Kai, wai kawun naka har yanzu shina zuba kuɗi ga waɗanga akwatuna nashi? Ka ce mishi kuɗin makarantarka na nan na jira."

Babu wanda ya yi dariya a lokacin, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, domin da an yi dariya da na shiga cikinta an wuce wurin. Yatsana na nan a sama inda na bar shi. Hedimasta ya miƙe a hankali, ya zaro tabarau daga aljihun gaba, ya goge shi da bakin riga, ya sanya, ya taka har gaban injin, ya sunkuya ya leƙa ta ɗan gilashin ƙofar kaset. Ya daɗe a sunkuye fiye da yadda ake bukata. Sannan ya ɗago, bai dube ni ba, ya dubi jama'a ya ce, "Malam, wanga kaset naka fa bai juyawa." Ya sake sunkuyawa, wai don ya tabbatar, ya ƙara da cewa, "Ko ɗazu bai juya ba."

Yaron ya durƙusa yana cewa, "Kawu, ka yi haƙuri." Ashe tun azahar ya gano bel ɗin injin ya narke ya zama baƙin danƙo kamar kwalta, abin da ke samun robar da ta shekara da shekaru a ajiye. Tsoron gaya mini ya sa ya maƙala ɗan ƙaramin Bluetooth a bayan amfilifayan, ya je wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa ya samo waƙar da ke rubuce a jikin kaset ɗin, ya tsaya yana kallon yatsana don ya danna tare da ni. Waƙar da suka tura masa kuwa daga wani tsohon kaset aka kwafe ta, shuu ɗin da komai, don haka har gobe ina nan a kan cewa sautin kaset kunnena ya ji.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce Hedimasta ne zai tsaya yana duba wa mutane kaset. Wannan mutum ya ari C-90 ɗina tun muna jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996, kaset ɗin da na ɗauka da kaina a wani bikin naɗin sarauta ina riƙe da rikoda a sama har kafaɗata ta sage. Na karya kunnuwansa biyu na sama don kada a iya ɗaukar wani abu a kai. Shi kuwa ya liƙe ramukan da salatif, ya ɗauki jawabinsa na ranar rabon kyaututtuka a makaranta, gaba da baya, ya maido mini yana cewa in saurara in ba shi shawara. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Mutanen nan biyu da suka ji bambancin Dolby kuwa, yanzu kowannensu yana rantsuwa a majalisa cewa ɗayan ne ya faɗa.

Bel ɗin ban same shi a Gusau ba. Mai gyara ya yanko mini wata roba daga tsohon tub ɗin keke ya ɗaura, injin yana juyawa amma da nauyi, makaɗin yana jan murya, kuma ya ce in jira wani abokinsa da zai je Legas. Na aika wa yayata kuɗin makarantar. Shekaranjiya Hedimasta ya turo jikansa, wai in ara masa taransifoman zai gwada wani injin aski da aka kawo masa tsaraba, na ce wa yaron ya ce ba na gida.