Rawaya ba ta kawo rana a zane

Masu zane, don Allah a rage dogaro da ruwan ɗorawa. Da yawa idan suna son nuna rana ta take, sai su shafe bango da rawaya, su ɗauko baƙi wuluk su ja inuwa. Zanen ya fito kamar an zubar da baƙin mai a ƙasa, ranar kuma babu ita.

Farin fenti, komai kyansa, bai kai hasken da ke dukan bango da azahar a watan Afrilu ba. Tunda ba za ka iya ƙara wa farin haske ba, abin da ke hannunka shi ne duhun da ke kusa da shi. Ma'aunin Munsell, wanda ake auna haske da duhun launi da shi, ya jera matakai daga 0, baƙi, zuwa 10, fari. Ka bar wa inda rana ta faɗa matakan sama, inuwa ta zauna a na ƙasa, kada su shiga gonar juna. Farar riga a inuwa sai ka rage mata haske sosai, ko da zuciyarka tana ce maka ai fara ce.

Ka je gindin katangar jar ƙasa ka runtse ido kaɗan. Daf da gindin inuwar ta fi duhu, bakinta da kaifi. Tana nisa bakin yana laushi. Kuma ba baƙa ba ce. Sama tana zuba mata shuɗi, jar ƙasar da rana ke gasawa tana maido mata da ɗumi, musamman ƙarƙashin indararo. Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, ya zana tarin dammunan hatsi a Giverny ta Faransa tsakanin 1890 da 1891, safe da yamma, a rana da cikin ƙanƙara, inuwarsu shuɗi da shunayya, kuma wallahi kana kallo kana jin zafin ranar.

Kafin ka ce ka gama, ɗauki hoton zanen da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Idan rana ta ɓace, rawayar ce ta ruɗe ka.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne zanen hunturu. Hazo ya rufe gari, inuwar mutum ma da ƙyar ake ganinta a Janairu, amma sai ka ga an sa wa mai shayi da rigar sanyinsa inuwa baƙa ƙirin irin ta bazara.